Biyu da Sisi: Yadda Na Bi Sawun Mahaifina Zuwa Chappal Waddi

Na shafe shekara 24 ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na jihar Gombe, kuma kowace shekara sai na rubuta wa ɗalibai a kan allo cewa wurin da ya fi ko'ina tudu a Nijeriya shi ne Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal, can a kan iyakarmu da Kamaru ta ɓangaren jihar Taraba. Nakan sa su haddace adadin, mita 2,419 daga matakin ruwan teku, nakan kuma zaftare makin duk wanda ya juya lambobin a jarrabawa. A tsawon waɗannan shekaru ƙafata ba ta taɓa wuce Jalingo ba, ban kuma ga abin kunya a cikin haka ba, domin a wurina abin da ake nema ga malami shi ne ya san abu ya kuma iya bayyana shi. Mutumin da ya taka wannan yanki da ƙafarsa a gidanmu shi ne mahaifina, wanda ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, mutumin wani ƙauye ne a kusa da Kumo. Yana saurayi ya bi ayarin fatake ya yi kudu, guzuri ya ƙare masa a hanya, sai ya tsaya a gindin tsaunin Mambila ya shekara 4 yana dako. Abin da suke ɗauka su hau da shi, a faɗarsa, shi ne gishiri da kanwa na shanu, da garwar kananzir, da turamen atamfa. Yakan ce yana can aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda mutanen arewacin Kamarun Ingila suka zaɓi su haɗe da Nijeriya, har aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna. Shi baƙo ne, ba shi da ƙuri'a, abin da ya riƙe daga wannan lokaci kawai shi ne baƙi sun yi yawa, kaya sun ƙaru, ɗan dako ya yi daraja na 'yan watanni. Daga baya ya dawo gida da ɗan jarinsa, ya kama awon hatsi a Gombe, da shi ya aurar da kansa, da shi ya sa mu makaranta. Amma dakon bai bar jikinsa ba. Tsakiyar kansa babu gashi ko ɗaya, ba sanƙo ba ne, wurin zaman gammo ne, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa idan zai waiwaya sai ya juya da kafaɗunsa gaba ɗaya, saboda wuyan ya ƙi.

Idan aka yi sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, labarinsa ba ya wuce Mambila. Yakan ce a can mutum yana tsaye yana kallon girgije a ƙarƙashin ƙafarsa. Yakan ce a can wake ba ya dahuwa, sai itace ya ƙare tukunya tana ta tafasa a banza. Yakan ce babu ƙudan tsando, shi ya sa saniya ke yin ƙiba har ta kasa gudu. Sai kuma labarin da ya fi maimaitawa, na wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, domin sule biyu da sisi ne ladan wanda ya ɗauki kaya daga ƙasa ya kai su sama, kuma sau da yawa mai kaya yakan nemi a rage masa sisin.

Ina aji uku na sakandare, wata rana abokaina sun zo hira, ya fara labarin girgijen. Na yi dariya a gabansu na ce, “Baba, ai girgije a sama yake, mu an koya mana.” Bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce to, tunda an koya muku. Daga ranar bai sake ba da labarin Mambila ina wurin ba. Shekaru bayan haka, a kwalejin horar da malamai, na karanta cewa yayin da ake hawa sama nauyin iska yana raguwa, ruwa kuma yakan tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, shi ya sa abinci ke jinkirin dahuwa a kan tsauni. Na rufe littafin na san cewa tsohon nan gaskiya ya faɗa, game da wake da ma sauran. Na yi niyyar in gaya masa idan na je hutu, na je hutun ban faɗa ba, na ce sai wani zuwan. Haka aka yi ta yi har ya rasu, shekara 11 kafin tafiyar da zan ba da labarinta.

Wata ɗaliba ce 'yar aji biyar ta tayar da maganar, ba tare da ta san abin da ta taɓo ba. Na gama zana tsaunukan gabas a allo, ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, kai ka taɓa zuwa?” Ajin ya kwashe da dariya, irin dariyar da na yi wa Baba. A makon nan na kira wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Jalingo, wanda na san ya taɓa hawa Mambila, na tambaye shi ko mai shekara 51 zai iya kai wa Gangirwal. Ya ce zai iya idan ya yarda ya shirya, kuma shi da kansa zai raka ni.

Mutanen unguwarmu ba su ɗauki abin da sauƙi ba. A majalisarmu wani ya tambaye ni abin da na ajiye a kan dutse da zan koma ɗaukowa, wani ya ce idan kuɗi ne suka yi mini yawa in tafi Umara, hawan da ake samun lada ai na Arfa ne. Mai ɗakina ba ta hana ni ba, sai dai ta kafa sharaɗi biyu: in je a auna jinina, kuma ƙanenta, wanda malamin asibiti ne, ya bi ni. Na yi wata 4 ina shiri. Kowace Asabar bayan sallar asuba nakan hau dutsen Liji da ke gabashin gari, daga baya muka je dutsen Bima a wajen Dadin Kowa, wanda tsofaffi ke danganta shi da labaran bayyanar Mahadi, sannan muka kwana ɗaya a tuddan Tula cikin ƙasar Kaltungo. Na ga ina hawa ina sauka ba tare da na zube ba, sai na ɗauka na gama sanin dutse. Na sayi takalmin hawa na gwanjo, mai tauri kamar ƙaho, ban kuma sa shi ba sai ranar tafiya don kada ya tsufa, wanda wannan wauta ce da ban fatan kowa ya maimaita.

Mun tashi a hutun Disamba, domin a lokacin ruwan sama ya ɗauke a can, koguna sun ja baya, hanya ta bushe. Daga Gombe muka bi ta Kumo, na hango hanyar ƙauyen su Baba ta tagar mota, muka wuce Billiri da Kaltungo da Cham, muka haye gadar Numan inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai, muka kwana a Jalingo. Washegari muka yi sammako zuwa Bali, daga nan Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Wannan gandun shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, an kuma kafa shi a 1991, shekarar da aka raba tsohuwar jihar Gongola. Gangirwal a cikinsa yake, don haka ba a hawa sai da izinin hukumar gandun da rakiyar jami'inta. Muka yi rajista, muka biya abin da ake biya, aka yi mana bayanin abin da aka hana: farauta, kunna wuta a daji barkatai, da barin shara. A nan na fara jin sunan da mutanen yankin suke kiran wani babban biri mai kama da mutum da ke zaune a kurmin gandun, wato biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwoyin manyan itatuwa ana jiyowa daga nesa. Mu ba mu gan shi ba, hanyarmu ba ta kurmi ba ce.

Bayan Mayo Selbe hanya ta miƙe tsaye. Mota ta riƙa nishi tana kewaya kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, fasinjojin da suke ta surutu tun daga Serti kowa ya koma salati. Kunnuwana suka toshe, iska mai sanyi ta fara shigowa. Can sai direba ya ce, ba da ni yake ba, da yaron motarsa yake, a duba ruwan inji idan an gama Biyu da Sisi. Na ji kamar an kira sunana a cikin taro. Shekara 30 da wani abu ina zaton sunan a bakin Baba kawai yake, ashe har yau haka ake kiran wurin, alhali sule da sisi sun daina yawo tun 1973 da aka kawo naira da kwabo. Na roƙi direba ya tsaya inda ya samu fili, na fita na leƙa ƙasa. Na yi ƙoƙarin in hango saurayi ɗan shekara 20 da buhun gishiri a ka yana tahowa daga can, ƙafa ba takalmin kirki, sai na ga idona ba zai iya ba, na koma mota.

Saman Mambila wata duniya ce. Tudu bayan tudu, duk ciyawa, babu ƙaya, babu sabara, sai layukan itacen turare da aka dasa a gefen garuruwa, da jajayen shanu masu dogayen ƙahoni a warwatse kamar an zuba su. Yawancin tsaunin yana wajen mita 1,600, abin da ya sa ake noman ganyen shayi a Kakara, ake kuma samun ayaba da fiya da dankalin Turawa da araha. Mun kwana a Nguroje, inda na sa rigar sanyi biyu na kuma nemi bargo na uku. Da safe muka hau babura zuwa Njawai, tafiyar da ta ci mana rabin yini a kan jar hanya mai kwazazzabai, mu sauka mu tura, mu hau mu ƙanƙame ɗan acaɓa.

A Njawai ne na aikata abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari. Jami'in gandun da zai raka mu ya kira samari masu ɗaukar kaya, abokan tafiyata biyu kowa ya ɗauki nasa, ni kuwa na ce jakata ni zan goya, domin na ƙudurta a raina cewa ɗan ɗan dako ba zai ba wani kayansa ba. Sai dai akwai kayan abinci da tukunya da tanti na gaba ɗayanmu, kuma ni ne mai riƙe da kuɗin tafiya. Aka kawo wani yaro siriri, shekarunsa ba za su wuce 19 ba, da takalmin roba a ƙafarsa. Ya faɗi kuɗinsa na kwana 3, na taya rabi. Ya ce, “Baba, hanyar da nisa.” Na ce masa ni ma ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san ciniki. Muka yi ta ja, na yi kamar zan kira wani, ya dubi sauran samarin da ke tsaye suna jiran ya ƙi su karɓa, sai ya sallama a kan kashi biyu cikin uku na abin da ya nema. Na juya ina jin daɗin na yi wa ayari tattali. Ya naɗe wani tsohon ɗankwali ya yi gammo, aka ɗora masa, ko a lokacin ban ga komai ba.

Jakata kilo 14 ce, na auna ta a sikelin wani abokin Baba a Tudun Hatsi kafin mu taso. A ciki akwai littafin taswira mai kauri, da fulas ɗin shayi, da kaya kala uku, har da babbar riga da hula da na tanada don ɗaukar hoto a ƙololuwa. A awa biyun farko ban ji ta ba. Hanyar tana bi ta gonakin masara da aka girbe, ta gangara rafi, ta haura tudu, ta sake gangarawa, kuma wannan ne abin da taswira ba ta gaya wa mai kallonta: kafin ka samu mita 100 na hawa na gaskiya, ka hau ka sauka ninkinsa. Duk rafin da muka tarar sai an cire takalmi an ratsa ruwa mai sanyin da ke shiga har ƙashi. Kafin azahar takalmin gwanjo ya yi mini bororo a duga-dugai biyu, igiyar jaka ta ci kafaɗuna, na koma na ƙarshe a layi. Jami'in gandun, mutum mai ƙarancin magana da bindiga a rataye, ya yanko mini sanda ya ce in rage tsawon takuna, in daidaita shi da numfashi, in sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo. Yaron nan kuwa yana can gaba, kaya a ka, hannuwansa a sake, wani lokaci har yana waƙa da Fulatanci.

Da la'asar sakaliya muka isa rugar da za mu kwana. Al'adar wurin ita ce baƙo ya fara gaida Jauro, wato shugaban rugar, muka je muka durƙusa, muka miƙa goro da sukari da ganyen shayi da muka zo da su. Dattijo ne mai fara'a, da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya riƙa kirana Modibbo, ya sa aka kawo mana kindirmo a ƙwarya, mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Na tambaye shi dalilin da ya sa suke zaune a wannan nisa, inda babu asibiti babu kasuwa. Ya nuna shanunsa ya ce a ƙasa ƙuda ke kashe su, a nan kuwa ciyawa da ruwa ba su yankewa. Na ba shi labarin Baba, ya ce bai san shi ba, mutane da yawa sun yi wannan aiki, amma ya tuna yana yaro idan masu gishiri suka iso, har shanu sukan taso su tarye su.

A daren ne aka dafa wake. Ƙanen mai ɗakina ya ɗora tukunya tun kafin magariba, muka yi sallah, muka haɗa da isha'i muka yi ƙasaru kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi, muka dawo tukunya tana ta ɓararraka, wake yana nan kamar tsakuwa. Ya ƙara ruwa, ya ƙara itace, ya ce, “Hamma, anya wannan waken ba tsoho aka sayar mana ba?” Na buɗe baki zan yi masa bayani irin na aji, cewa a bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, a ƙololuwar da za mu hau kuwa wajen 92 ne, sai na ji muryata ta sarƙe. Yaron mai ɗaukar kaya ya tashi ya karɓo 'yar kanwa a wurin matan ruga ya jefa a ciki, ya ce haka ake yi a nan. Na ci waken nan a cikin duhu, na gode Allah da babu wanda ke ganin fuskata.

Sanyin daren ba shi da kama da hunturun Gombe. Ƙa'idar da nake koyarwa ita ce duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, kuma ƙololuwar tana sama da garinmu da kusan mita 2,000, lissafin da ɗan aji ɗaya zai yi. Amma lissafi bai gaya mini yadda alwalar asuba za ta kasance ba, lokacin da ruwa ya taɓa bororon ƙafata na ji har cikin haƙora. Mun tashi da fitila a goshi tun gari bai waye ba. Aka ce in bar jakata a ruga in ɗauki ruwa kawai, na ƙi, na cire kaya kala biyu na bar sauran, saboda babbar riga da taswira dole su kai sama.

Hawan ranar ya bambanta da na jiya. Babu gangara mai hutar da ƙafa, sai tudu mai ciyawa santsi da raɓa, a wasu wurare sai an kama tushen ciyawa da hannu. A cikin kwaruruka akwai ƙananan kurmi masu duhu, itatuwa sanye da gansakuka, ruwa yana fita daga ƙarƙashinsu, kuma irin waɗannan maɓuɓɓugai ne ke taruwa su zama kogunan da ke ciyar da Binuwai. Sau uku ina ganin abin da na ɗauka ƙololuwa ce, mu isa sai wata ta bayyana a bayanta, hangen Dala ba shiga birni ba. Ana yi wa dutsen laƙabi da dutsen mutuwa, a safiyar nan ban nemi a yi mini bayanin dalili ba. Numfashina ya koma guntu-guntu, zuciyata tana bugawa a cikin kunnuwana, na fara ƙirga taku 30 in tsaya, daga baya 20, daga baya 10. A wani wuri ƙafata ta zame, nauyin jaka ya ja ni baya, na faɗi a zaune na gangara kamar tsawon mutum biyu kafin sanda ta tokare. Ƙanen mai ɗakina ya kama hannuna yana duba agogo, ya ce bugun ya yi yawa, ko in ajiye jakar ko mu juya, kuma ba shawara yake ba ni ba.

Ban kira yaron ba, shi ya sauko da kansa. A ranar kayansa ba su da yawa, ruwa ne da abincin rana, tunda tanti yana ruga. Ya tsuguna ya ce, “Baba, kawo.” Na ce masa ba mu yi cinikin wannan ba. Ya ce, “Ba komai, Baba, kawo.” Ya kwance igiyar daga kafaɗata kamar mai cire wa jaki mangala, ya gyara gammonsa, ya ɗora jakar a kan nasa kayan. Da ya sunkuya hularsa ta zame, na ga tsakiyar kansa, gashin wurin ya fara kwanciya ya yi ja, daidai inda na Baba ya ƙare. A nan ne cinikin Njawai ya dawo mini kalma bayan kalma, na ji muryata ina cewa na san ciniki, na gane ko wane ne ni a cikin labarin da Baba yake bayarwa. Ni ne mai kayan da ke neman a rage masa sisi.

Sauran hawan na yi shi da sanda kawai, a bayan yaron, ina sa ƙafata inda ya cire tasa. Mun kai ƙololuwa da hantsi. Iska tana kaɗawa har sai mutum ya karkata, jami'in gandun ya nuna mana da hannu cewa daga nan zuwa can Kamaru ce, babu katanga babu shinge, tsaunuka ne kawai suke bin juna har inda ƙurar hunturu ta haɗiye su. Sai na juya ta ɓangaren da muka fito. Kwarin da muka ratsa da asuba ya cika da farin girgije, shimfiɗe kamar audugar da aka baza a tsakar gida, kawunan tuddai suna leƙowa daga cikinsa, mu kuma muna sama. Na zauna a kan ciyawa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa, domin a ranar ni ne babba, ina ta karɓar gaisuwa. Abokan tafiyata suka matsa gefe suka ba ni wuri. Da na natsu na fuskanci alƙibla na yi masa addu'a, na roƙi Allah ya isar masa da abin da na kasa faɗa masa da bakina. Babbar rigar ba ta fito daga jaka ba, hoton da aka ɗauke ni da rigar sanyi mai laka a gwiwa aka ɗauka, yaron yana tsaye kusa da ni.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma farcen babban yatsana na dama a can na baro shi. Ba zan tsawaita a kanta ba. Mun sake kwana a ruga, washegari muka iso Njawai da yamma. Na kira yaron gefe na ba shi kuɗin da ya nema tun farko cikakku, na ƙara masa ladan jakata na kwana biyu, na kuma ce ya yafe mini cinikin da na yi masa. Ya ƙirga kuɗin sau biyu a gabana, ya sa a aljihu, ya ce ai kowa haka yake yi, wasu ma sun fi ni. Na tambaye shi makaranta, ya ce ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, yana tara kuɗin babur ne. Na ba shi littafin taswirar, ban sani ba ko yana da amfani a wurinsa, ya karɓa da hannu biyu, ya tambaye ni ko zan bar masa takalmin ma tunda ni ya cuce ni. Na cire na ba shi, na koma Nguroje da silifa.

Da muka dawo Gombe, kafin in shiga gidana na wuce wurin mahaifiyata da ƙunshin ganyen shayin Mambila da kwalbar zuma. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika dubana ido da ido ba. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na ba ta labari tun daga Biyu da Sisi har zuwa girgijen, na ce mata, “Dada, duk abin da Baba ya faɗa haka yake, har waken.” Ta ce ita ba ta taɓa shakka ba, ai ita ce take shafa masa man shanu a wuya. Ta yi shiru tana juya ƙunshin shayin a hannunta, sannan ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko mutum da kansa ya ɗauki kayansa har sama. Na ce a'a, wani yaro ne ya ɗaukar mini. Ta ce, “Nawa aka ba shi?” Na faɗa mata abin da ya nema, da abin da na taya, da abin da na ba shi a ƙarshe, ban rage ko ɗaya ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta kira jikanyarta ta ce a ɗora ruwa, a dafa wannan shayin a gani.